Totur Na Ƙin Amsawa a Golf GTI: Tambayoyin da Masu Motar Ke Yi Mana a Garwa

Cikin ƙananan motoci masu ƙarfin gudu da ke shigowa garejinmu a Garwa da ke arewacin Kamaru, Golf GTI muka fi gani, musamman Golf 5 da aka fara sayarwa a 2004 da Golf 6 da ta gaje ta a 2009. Ƙorafin da ya fi ba mu wuya a kansu iri ɗaya ne: a taka totur motar ta yi jim kafin ta fizga, ko tana tsakiyar gudu ƙarfinta ya ɗauke ya dawo, in an kawo ta gareji kuma ta tashi lafiya lau. Ga tambayoyin da ake yawan yi mana, da amsar da nake bayarwa. Mai Peugeot GTi ko Focus ST ma zai amfana, don tsarin totur ɗinsu bai yi nisa da wannan ba.

Malam, me ke tsakanin ƙafata da injin? Ba waya ce ke jan totur ba?

A tsofaffin motoci masu kabireta haka ne. A GTI babu wannan wayar. Fedar da kake takawa tana ɗauke da sansa biyu, kowanne na gaya wa kwamfutar mota iya zurfin takunka, kuma na biyun yana bayar da kusan rabin wutar da na farkon ke bayarwa. Kwamfutar ce ke duba takun, ta duba iskar da ke shiga, zafin inji, matsin mai, halin giya da na birki, sannan ta umarci wani ɗan moto ya buɗe ƙofar iska, wadda a gareji muke ce wa papiyon. Ita ma ƙofar tana da sansa biyu, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, in ka haɗa su suna ba da kusan bolt 5.

Ke nan ƙafarka roƙo take yi, kwamfuta ce mai yanke hukunci. Sau da yawa totur ɗin lafiyarsa ƙalau, kwamfutar ce ta ga wani abin da bai kwanta mata ba ta rage ƙarfi da gangan don ta kare injin. Aikinmu shi ne gano abin da ta gani.

An sa mata na'urar bincike, an ce babu kod ko ɗaya. To lafiyarta lau ke nan?

A'a. Nan ne mutane da yawa ke ɓata kuɗinsu, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Kwamfuta ba ta rubuta kod, wato lambar da ke nuna laifin da ta gani, sai laifi ya wuce wani mizani, ko ya daɗe na wani lokaci, ko ya maimaita kansa. Yankewar rabin daƙiƙa tana iya wucewa ba tare da ta bar rubutu ba. Akwai kuma lokutan da, a ganin kwamfutar, ba a yi laifi ba sam: an gaya mata an taka birki, ko taya na zamewa, sai ta rage ƙarfi kamar yadda aka tsara ta. Ƙarya aka yi mata, amma ba ta da hanyar sanin haka.

Ga wata matsalar. Ƙananan na'urorin da ake haɗawa da wayar hannu, irin ELM327, galibinsu kod ɗin inji kaɗai suke karantawa. Ba su shiga kwamfutar giya, ba su shiga ta birki. Motar Volkswagen tana son VCDS ko wata na'ura mai ƙarfi da za ta zagaye duk kwamfutocin da ke cikinta.

Abin da ke kama irin wannan laifi shi ne a bi motar kan hanya ana naɗar bayanai yayin da take tafiya. Mutum biyu ake bukata, ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da kwamfuta a kujerar gefe. Kada direba ya haɗa tuƙi da kallon allo. A Golf 5, a allon VCDS, rukunin bayanai na 062 yana nuna sansa huɗun nan na feda da na ƙofar iska a jere, 115 yana nuna matsin turbo da aka nema da wanda aka samu, 230 matsin mai, 020 kuma yadda kwamfuta ke ja da wuta baya a kowace silinda. Da zarar motar ta yi abin nata, sai a sa alama, a dawo a zauna a duba wane layi ne ya fara karkacewa. In layin feda ya tsaya cak a sama amma ƙofar iska ta rufe, kwamfuta ce ta rufe ta, sai a nemi dalili. In layin fedar ne da kansa ya faɗi ƙasa alhali ƙafa ba ta motsa ba, an rage nisan nema sosai.

Roƙona ga masu mota: in an ga kod, kada a yarda a goge shi kafin a ɗauki hotonsa. Tare da yawancin kod akwai bayanin gudun motar, juyin inji da zafinsa a daidai lokacin da abin ya faru. Wanda ya goge ya zubar da shaida, kuma bai gyara komai ba.

Me zan lura da shi kafin in kawo ta?

Da sanyin safiya take yi ko sai ta yi zafi? Daga tsaye ne ko sai ka nemi wuce babbar mota? A hanya mai gargada ko a kwalta mai laushi? Bayan shan mai a wani wuri? Bayan wanki ko ruwan sama? Tanki na cike ko ya kusa ƙarewa? Wace fitila ce ta ƙyafta a dashbod, ko da sau ɗaya? Rubuta a wayarka duk lokacin da ta yi. Wannan rubutun ya fi mini amfani a kan “tana dai yi wani lokaci”.

Fitilar EPC ta kama, motar ta koma tafiyar ja da ciki. Na kashe na kunna ta warware. Mene ne wannan?

EPC fitilar tsarin totur ce ta lantarki. Idan sansa biyu da ya kamata bakinsu ya zo ɗaya suka saɓa, kwamfuta ba ta caca da ranka, sai ta taƙaita ƙarfin injin har a kashe a kunna. A nan akan samu kod: P2138 na nuna saɓani tsakanin sansan feda, P0121 da P0221 na nuni ga sansan ƙofar iska, P0638 kuma ga moton da ke buɗe ta.

Amma kod yana nuna layin da aka ga matsala ne, bai ce kayan ne ya mutu ba. Layin ya haɗa da waya da soket. Kafin a taɓa aljihu a cire soket ɗin ƙofar iska mai ƙafa shida a haska shi da tocila. Sau da yawa za ka tarar ƙafa ɗaya ta yi kore-kore, ko bakin da ke kama ta ya saki har tana shiga ba tare da ta cije ba. Zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, yana busar da robar waya har ta tsage, ga masu wanki da ke harba ruwa mai ƙarfi cikin inji, ga ɓera in motar ta kwana biyu a ajiye. Gwajin mai sauƙi ne: a bar injin a silo, ana kallon layukan sansa, wani ya riƙa motsa damin wayoyin da hannu taƙi bayan taƙi. Inda layi ya yi tsalle, nan za a fasa.

Wani makaniki ya ce in sayo sabon papiyon daga Kano. In saya?

Ka dakata tukuna. Ka tambaye shi abin da ya gani a bayanan da ya nuna ƙofar ce. In ba shi da amsa, lalube yake cikin duhu da kuɗinka. Ƙofar iska takan mutu, ba na musu, musamman in haƙoran robar da ke cikinta sun cinye, amma wadda ta yi datti kawai ta fi wadda ta mutu yawa nesa ba kusa ba. A cire ta, a wanke baƙin da ya taru a gefen faifan da maganin wanke ta da tsumma mai laushi, kada a bar ruwan maganin ya gangara wajen moton.

Bayan wanki ko canji dole a sake koya wa kwamfuta iyakar buɗewa da rufewar ƙofar. A Golf 5 rukuni na 060 ne, makulli a kunne inji a kashe, ƙafa nesa da feda. Za ka ji ƙofar tana ƙara tana motsi na ɗan lokaci. In aka tsallake wannan, silo na iya hawa da sauka, mai mota ya ɗauka an ƙara ɓata masa ita.

In kuma ta tabbata sai an saya, a duba lambar da ke jikin tsohuwar a sayo daidai ita. Kama da ido ba ta isa ba.

Ina ruwan birki da totur?

Ruwansa babba. An tsara motar ta yadda in ta ga birki da totur a take lokaci guda, birki za ta saurara, ta yanke ƙarfin inji. Tsari ne mai kyau. Matsalar ita ce ɗan makunnin da ke gaya mata an taka birki. A wasu yana saman feda, a wasu yana jikin famfon birki a ɗakin inji. In ya fara lalacewa, ko bai zauna daidai ba, yakan ce an taka alhali ba a taka ba.

An kawo mana wata Golf 5 daga Marwa wadda a cikin gari ba ta taɓa yin komai, sai an hau inda kwalta ta farfashe take ɗauke ƙarfi. An riga an canja mata feda da fulogi da kwayil a wani wurin. Muka fita da ita muna kallon alamar birki a allo. Duk ramin da taya ta faɗa, sai alamar ta tashi daga 0 zuwa 1 ta koma, a daidai nan kuma ƙofar iska ta rufe, ƙafar direba tana kan totur ba ta ɗaga ba. Da na leƙa ƙarƙashin sitiyari, makunnin yana lilo a mazauninsa, kunnen robar da ke riƙe shi ya karye. Shi ne kaya mafi araha cikin duk abin da aka saya wa motar.

Kai ma za ka iya gwada wani abu: wani ya biyo ka a baya da dare ya lura ko fitilar birki na ƙyaftawa kana tafiya. Masu giya mai sarrafa kanta kuma su duba ƙafarsu ta hagu, wasu suna jingina ta a kan birki ba su sani ba. A duba shimfiɗar ƙasa ma, kada ta cushe ƙarƙashin feda.

Gaskiya nakan sha zuwa-zuwa, wato man kwalba na bakin hanya, in na matsu. Zai iya jawo wannan?

Zai iya, kuma ba zan ɓoye maka ba, shi nake fara zargi in motar tana nauyi da tsakar rana tana sakewa da dare. Injin 2.0 mai turbo, mai ƙarfin doki 200 a Golf 5 da 210 a Golf 6, an yi shi ne don mai na oktan 95 ko sama. Man kwalba ba ka san ƙarfinsa ba, ba ka san jarkar da ya kwana a ciki ba, ba ka san ko an sirka shi ba. In man ya yi rauni yakan kama wuta kafin lokacinsa, sansan da ke jikin inji su ji ƙwanƙwasar, kwamfuta ta ja wuta baya. Zafin rana yana ƙara tsananta abin, don iskar da turbo ta matsa tana shiga da zafi. Kai a kujera abin da za ka ji shi ne ka taka amma motar ba ta da kuzari. Ni in na ga rukuni na 020 yana haura digiri 6 a duk silinda huɗun, nakan ce a shanye wannan tankin a hankali, a cika a gidan mai, a dawo mu sake aunawa kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya.

Dattin man kuma yana toshe filtar da ke ƙarƙashin mota kusa da tanki. A nan akwai tarko. Filtar GTI tana da abin daidaita matsi a cikinta, an buga 6.4 ko 6.6 bar, wato ma'aunin matsi, a jikinta. Akwai wata mai 4 bar ta ƙananan injuna wadda ke shiga mazaunin daidai. In aka sa ta, motar za ta yi silo lafiya, amma da an nemi ƙarfi mai ya gaza. Ka karanta lambar da idonka a gaban mai shago.

Sai na danna sosai take yankewa, kamar mai ya ƙare. Famfon mai ne?

Famfo biyu ne a motar. Na cikin tanki yana turo mai da ƙaramin matsi, na jikin inji kuma yana ɗaga shi ya haura bar 100 don a fesa shi kai tsaye cikin silinda. A Golf 5 akwai wani ɗan ƙoƙon ƙarfe tsakanin wannan famfo da sandar kam da ke bugunsa, bai fi murfin kwalba girma ba. Sabonsa baƙi ne sumul a fuska. Yana cinyewa baƙin ya goge, farin ƙarfe ya bayyana, sannan tsakiyar ta lotsa, daga ƙarshe ta huje. In ta huje, famfon ya fara cin sandar kam kanta, gyaran da zai tsaya a ƙaramin abu ya koma babban aiki. Alamarsa a allo ita ce matsin man da aka samu ya faɗi ƙasa da wanda aka nema daidai lokacin da aka danna, wani lokaci da kod P0087 ko P2293.

Duk wanda ya sayi Golf 5 GTI 'yar Beljiyam bai san tarihinta ba, ina ba shi shawara a buɗe a duba wannan ƙoƙo tun kafin ta yi ƙorafi. Ƙusa uku ke riƙe da famfon, amma sai inji ya huce an sauke matsin mai, don man da ke wurin yana iya yin rauni. Baƙin mai mara kyau, ko wanda ya wuce lokacin juyewa, yana gaggauta cinyewar. Injin Golf 6 an sa masa mai gangara a wurin, wannan bai cika damunsa ba.

Ko dai jinkirin turbo ne kawai, ni ne ban saba ba?

Akwai ɗan jinkiri na halitta in ka danna a babbar giya juyin inji na ƙasa, amma a GTI kaɗan ne, kuma kullum iri ɗaya ne. Abin da ke zuwa yau ya ɓace gobe ba halin turbo ba ne.

In matsin da aka samu ya kasa cim ma wanda aka nema, iska na zurarewa. Wuri na farko shi ne bawul ɗin da ke jikin turbo mai mayar da iska in an ɗaga ƙafa. Na farko-farkon fatar roba ce a cikinsa, tana yagewa, daga baya aka fito da mai fistan. Sai tiyon da ke zuwa wajen sanyaya iska, wanda bakinsa kan saki. Kod ɗinsu P0299, in ya fito. Sai bawul ɗin numfashin inji da ke saman murfi: in ya mutu za ka ji fito a silo, murfin baƙin mai ya yi wuyar ɗagawa inji na aiki, kod P0171 na iya biyo baya.

Masu hawa Ngaundere su riƙe wannan. Makulli a kunne inji a kashe, sansan matsi zai nuna kusan miliba 980 a Garwa, amma a Ngaundere, da ke sama da mita 1,000, ƙasa da 900 zai nuna. Ba lalacewa ba ce, iskar can ce ta fi sauƙi. Sai dai turbo na ƙara wahala a hawan, don haka ƙaramar ɓular da ba ta nuna kanta a gari takan tonu a can.

Ƙurar hunturu fa?

Tana toshe filtar iska da wuri, kuma in filtar ba ta zauna daidai ba ƙura ta wuce ta lulluɓe sansan da ke auna iska. A wanke shi da maganinsa kawai, kada a taɓa cikinsa da hannu ko tsumma. Filtar buɗe da samari ke sawa don ƙarar inji ba ta dace da ƙasarmu ba ko kaɗan.

Akwai kuma baƙin da ke taruwa a bayan bawul ɗin shigar iska, saboda a wannan inji fetur ba ya bi ta kansu balle ya wanke su. Maganin da ake zubawa a tanki ba ya kaiwa can, sai an buɗe an kankare. Shi ya fi nuna kansa da kakkarwa da safe.

Tawa mai giyar DSG ce. Daga tsaye take jinkiri.

To wataƙila ba inji ba ne. DSG, wato giya mai sarrafa kanta ta Volkswagen, mai giya 6 tana da kuloci biyu a cikin mai, kuma ana canja man da filtarsa duk kilomita 60,000. Da yawa daga waɗanda ke iso mana ba wanda ya san yaushe aka yi musu. A karanta kwamfutar giyar, a canja man da irin nata, a sake koya mata kamun kuloci. A duba tayoyi ma. In girmansu ya bambanta, ko sansan taya ɗaya na yankewa, tsarin hana zamewa zai ɗauka taya na sulɓi ya rage ƙarfi. Fitila mai hoton mota tana zamewa za ta ƙyafta a daidai lokacin.

Batir na iya shiga wannan magana?

Ƙwarai. A kashe ya nuna kusan bolt 12.6, inji na aiki kuma wajen 14. Batir mai rauni ko wayar ƙasa da ta yi tsatsa suna haifar da kod barkatai a wurare da ba su da alaƙa da juna. In na ga haka, kan batir da wayoyin ƙasa nake fara gogewa in ɗaure.

Zan iya tafiya Marwa ko Kusiri da ita a haka, in gyara in na dawo?

In EPC na kamawa, ko ƙarfi na ɗaukewa ba gargaɗi, ban yarda ba, Alhaji. Hanyar cike take da manyan motoci masu ɗaukar kaya zuwa Njamena, kuma lokacin da za ka fi bukatar totur shi ne sa'ad da ka fito wuce tirela wata na tahowa. In fitilar inji tana ƙyaftawa motar na kakkarwa, silinda ce ba ta ƙona mai, ɗanyen man yana tafiya salansa ya ƙona abin tace hayaƙi, a tsaya a duba fulogi da kwayil nan take.

In kuwa ɗan nauyi ne kawai da rana, babu fitila, an kuma auna an ga matsin mai da na turbo suna bin abin da aka nema, za ka iya tafiya. Ka cika tanki a gidan mai kafin ka bar Garwa, ka tashi da asuba kafin rana ta yi zafi, kada ka danna har ƙasa, kuma in ta yi maka wani abu a hanya ka rubuta wurin da lokacin da gudun da kake yi, ka hana kowa goge kod har ka dawo.